Tarin da Aka Ɗoro Mana a Jirgin Kaduna

Har yau akwai mutane a Madakiya da idan an tuna wannan ciwo sai su ce "tarin Bulus". Bulus mijina ne. Ba shi ya ƙirƙiri tarin ba, ba kuma shi ya yanki tikitin da ya kawo shi Kafanchan ba. Shi ya sa na ga gara in faɗi yadda abin ya faru tun ina da sauran haƙora a baki, ko wani ya tsira da nasa mutumin. Wanda zai ji haushi ya ji, ai na riga shi.

Sunana Saratu, 'yar Manchok ce ni, aure ya haɗa ni da mutanen Madakiya. A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Kafanchan, shekarar da gwamnati ta buɗe makaranta kyauta ga kowa, aji ya cika har yara na zama a kan taga. Muna haya a bayan kasuwa, ni da 'yarmu Ladi wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba. Bulus yana Kaduna, sai ƙarshen wata yake zuwa.

Aikinsa a wani ƙaramin ofishi ne na masu bin sawun cututtuka. Ba likita ba ne, bai taɓa yi wa kowa allura ba. Shi dai ya hau keke ya zaga asibitoci da ƙananan ɗakunan shan magani na gari, ya tambaya su wa suka zo da zazzaɓi da tari, daga wace unguwa, yara ne ko manya. In ya ga wata unguwa abin ya yi yawa, sai ya bi gida gida. Yakan ce su kamar mai tsaron gona ne a kan rumfa, ba shi ke kashe biri ba, amma shi ke fara ihu.

Zuwansa na ƙarshe kafin ya kwanta, wajen ƙarshen damina, ya gaya mini wani tari ya shiga unguwannin ma'aikatan masaƙa a Kaduna, inda maza ke cunkushe a ɗaki ɗaya. Ya ce yana farawa kamar mura, amma kafin rana ta faɗi sai ya kayar da ƙato. Ya ce ya roƙi ogansu, Mista Danladi, a aika wa garuruwan da ke kan layin dogo su shirya, oga ya ce a bari a tabbatar tukuna, kada a tsorata jama'a.

Wata Asabar da yamma ina wanki sai ga maƙwabcinmu mai aiki a tasha riƙe da Bulus a kafaɗa. Bulus ya ɗaure hanci da baki da hankici, idanunsa jajawur, ƙafa na harɗewa. Na yar da sabulu na nufe shi, sai ya ɗaga mini hannu.

"Kada ki rungume ni, Maman Ladi. Ina yarinyar? Fitar da ita daga gidan nan tukuna."

Da ya kwanta ya ɗan sami numfashi ne ya ba ni labari. A ofis ya faɗi. Ya roƙi a kai shi asibiti a can Kaduna. Mista Danladi ya ce gadaje sun cika, kuma ba zai yi kyau a ji ma'aikacin ofishinsu yana cikin masu ciwon ba. "Je gida Madam ta yi maka farfesu, ka dawo da ƙarfi." Ya sa direba ya kai shi tasha, ya yanka masa tikiti, ya tura shi cikin tarago.

"Na ce masa, Sa, ciwon nan zan kai musu. Ya ce in daina yawan magana." Bulus ya juya fuska bango. "Taragon cike yake da mata masu goyo, Saratu."

Makon farko zazzaɓi ne mai zafi kamar an aje shi kusa da murhu, da ciwon kai a bayan ido, gaɓoɓi kamar an daka shi a turmi, da busasshen tari mai ƙaiƙayin maƙogwaro. Duk da haka kansa bai juye ba, shi ke ba ni umarni daga kan gado. A bar taga a buɗe. Kofinsa da cokalinsa daban. Hankicinsa a tafasa. Kowa ya zo gaisuwa ya tsaya a tsakar gida. Ladi kuwa Maman Talatu, matar maƙwabcin namu, ta ɗauke ta ba tare da na roƙa ba. Ubangiji ya sāka wa matar nan, ta riga mu gidan gaskiya, amma ban manta ba.

Ran Litinin ya nace sai mun je asibiti, ba don magani kaɗai ba, don ya sanar da su. Muka yanki kati muka bi layi a baranda tun hantsi har rana ta take, mai tari a jikin mai ciki, mai gyambo a jikin jariri. Bulus ya koma can gefe ƙarƙashin mangwaro, ni na riƙe masa layi. Da muka shiga, wanda ke duba marasa lafiya ko kai bai ɗaga ba.

"Mura ce. Kowa na yin mura da damina."

Bulus ya ce, "Sa, daga Kaduna na zo da shi, can ya kwantar da unguwanni. Ba a aiko muku da wata sanarwa ba?"

"Ba wanda ya aiko mana komai."

"To don Allah ku aika ripot. Kuma ku raba masu tari da sauran mutane a layin nan."

Sai a nan ya ɗaga kai. "Kai ka zo magani ko ka zo koya mini aiki? Na gaba!"

Asfirin muka samo da jan ruwan tari a kwalba.

Labari ya kai Madakiya. Ran kasuwa sai ga Mama, mahaifiyar Bulus, da Baba Dauda ƙanen mahaifinsa, da wasu 'yan uwa, da acca da kaza da ƙullin saiwoyi. Na tare su a tsakar gida na shimfiɗa tabarma, na gaya musu abin da Bulus ya ce. Baba Dauda ya dube ni sama da ƙasa. Da Hausa ya yi magana, ba da yarensu ba, don kada ko kalma ɗaya ta wuce ni.

"Ɗanmu ne yana kwance, ke kin tsaya a ƙofa kamar ɗan sanda. A Manchok haka ake yi? Ko akwai abin da kin ba shi da ba ki so mu gani?"

Daga ciki Bulus ya yi ƙoƙarin ɗaga murya. "Baba, ni na ce. Ciwon yana bin numfashi ne."

"Ka ji ko? Makaranta ya ɓata su. Numfashin ɗa ya kashe uwa? Tun da aka yi duniya?"

Ya ture ni ya shiga, sauran suka bi shi. Abu na farko da ya yi shi ne rufe taga, wai iska ce ke ƙara ciwon.

Mama ba ta yi mini faɗa ba, ita ba mai faɗa ba ce. Ta dafa hannuna ta ce, "'Yata, ni na haife shi. Kyanda ma a ƙirjina ya yi ta." Ta shiga ta zauna a bakin gado ta ɗora kansa a cinyarta. Ta dafa masa citta da zuma, ta yi masa sirace da ganye, su biyu a ƙarƙashin bargo ɗaya. Kunun da ya rage ita ke shanyewa, wai ba a zubar da abinci. Ban san yadda ake jin haushin mace irin wannan ba, har yau ban iya ba. Haushina na Baba Dauda ne, wanda ya zauna a ƙofa yana kiran duk mai wucewa ya shigo ya ga ɗansu.

Ran Lahadi bayan sujada matan zumunta na cocinmu suka zo. Na roƙi shugabarmu su yi addu'ar a waje. Ta ce, "Malama, ina bangaskiyarki? Ubangijinmu ma ya taɓa kutare." Suka cika ɗakin suka yi waƙa, taga a rufe. Ni ma 'yar zumunta ce, na san da ƙauna suka zo. Amma ƙaunar da ba ta jin magana, ni dai na ga abin da ta haifa.

A mako na biyu zazzaɓin ya sauka, Baba Dauda ya yi ta bugun ƙirji cewa saiwoyinsa ne. Sai zazzaɓin ya dawo fiye da dā. Tarin ya zama mai majina kalar tsatsa, in Bulus ya ja numfashi gefen ƙirjinsa kamar ana soka masa wuƙa, leɓensa ya fara duhu. Baba Dauda ya aika a sayo burkutu a zuba barkono, ya kuma fito da reza zai yi masa tsaga a ƙirji. Ranar na ajiye kunyar surukai. Na ce duk wanda ya taɓa shi da reza sai dai mu haɗu a ofishin 'yan sanda. Na fita titi na tare wata a-kori-kura, ni da maƙwabcinmu muka ɗauke shi.

Wannan karon likita ne da kansa ya gan shi, wani siririn mutum da gajiya ta gama cinyewa. Ya saurari bayansa ya ce, "Ya sauka a huhu." Ya rubuta allurar fenisilin, sannan ya faɗi maganar da ta zauna mini a kai. "Madam, wannan allura ba ta tarin ba ce. Shi tarin ba shi da allura. Ta abin da ya biyo bayansa ce ta ƙofar da ya bari a buɗe." Aka ba shi gado. Allurar asibiti ta ƙare tun ba a je ko'ina ba, sai a kemis, keken ɗinkina ya tafi a nan. Akwai wata nas, Sista Marta, ita ta koya mini in jingina shi da filo kada ya kwanta a miƙe, in riƙa juya shi ina bubbuga bayansa. Ita ce kuma da kanta ta tura gadajen masu tari gefe guda ba tare da jiran umarnin kowa ba. In tana raye, ta san na gode.

Kafin wannan mako ya ƙare barandar asibiti ta zama wurin kwana. Matan zumunta na gani a layi, su da 'ya'yansu. Maƙwabcinmu ya kwanta. Ranar da na leƙa makaranta na tarar ajina da ake zama a taga, yanzu benci ne ke jiran yara. Ladi ma ta kamu duk da ɓoyon da muka yi, amma Allah ya sa nata ya tsaya a zazzaɓi da majina. Ni kaina na yi kwanaki ina jan ƙafa da ciwon kai, sai dai mai jinya ba ta da izinin kwanciya.

Mama ta fara tari tun ranar da aka kwantar da Bulus. Na durƙusa har ƙasa na roƙi Baba Dauda ya bari likita ya gan ta, ga mu a asibitin ma. Ya ce ɗaya da na ƙwace ya ishe ni, ba zai ba ni na biyu ba. Ya sa ta a mota suka koma Madakiya. Can ma aka cika mata ɗaki da gaisuwa. Tsofaffin gidan suka bi ta ɗaya bayan ɗaya.

A mako na uku Bulus ya fara zama da kansa, yana shan gwate kaɗan kaɗan, kullum yana tambayar Mama. Ni na riga na ji, wata mai sayar da doya ta kawo mini saƙo cewa ta rasu har an yi jana'iza. Likita ya ce a jira ya ƙara ƙarfi kafin a gaya masa. Baba Dauda bai jira ba. Ya shigo ɗakin marasa lafiya lokacin ziyara, ya tsaya a ƙarshen gado, bai ko zauna ba.

"Mun binne uwarka. Ciwon aikin gwamnati da ka kawo ya kashe ta. Yanzu sai ka ci albashi."

Bulus bai yi kuka ba. Cokalin da ke hannunsa ne kawai ya faɗi. Sista Marta ce ta fitar da tsohon. Zazzaɓin ya ƙara dawowa, muka koma baya kamar ba a yi komai ba.

Ana cikin haka sai ga Landiroba daga Kaduna. Mutanen ofishin su Bulus ne, da fararen riguna, kowa ya rufe hanci da baki da ƙyalle mai tsabta, Mista Danladi a gaba. Yanzu kam an tabbatar. Suka bi gado gado suna tambaya, yaushe ya fara, wa ka zauna da shi, ka shiga jirgi? Suna zura wani tsinke mai auduga a maƙogwaron mutum, su sa a 'yar kwalba, su jefa cikin fulas mai ƙanƙara, wai za a kai Kudu a duba. Wata tsohuwa da aka yi wa haka ta ce na gode, ta zaci magani ne. Ko ƙwayar asfirin ba su zo da ita ba.

Da suka iso gadon Bulus, Mista Danladi ya tsaya nesa kaɗan.

"Bulus, yaya jiki? Ka ba mu aiki fa. Duk inda muka bi sawu a garin nan, kanka yake dawowa. Kai ne mutum na farko."

Na miƙe. "Wa ya sa shi a jirgi?"

"Madam, ki kwantar da hankali, ba laifi muke ɗora wa kowa ba. Haka ake kiran abin a aikinmu."

"Na ji. Wa ya yanka masa tikiti? Wa ya roƙa a aiko wa asibitin nan sanarwa, wa ya hana?"

Ya juya wajen abokan aikinsa ya ce musu da Turanci wai gajiyar jinya ce ke damuna, kamar ni ban je makaranta ba. Bulus ya kama zanena yana ja. Sannan, abin da ya fi ƙona mini rai, ya buɗe baki aka zura masa tsinken, ya kuma lissafa musu duk wanda ya shiga ɗakinmu da unguwar kowa, har da gidajen Madakiya. Da suka tafi na ce masa me ya sa. Ya ce, "In ba su sani ba, mutanen Kachia ma haka za a yi musu." Ko an aika wa Kachia, ni ban ji ba.

Daga wannan rana sunan ya fita. Masu shara sun ji an ce "mutum na farko", suka kai kasuwa. A bakin famfo mata suka riƙa janye bokitinsu daga nawa. Waɗanda suka ture ni suka shiga ɗakin su ne kan gaba wajen cewa mun kawo wa gari annoba.

Sai wajen girbin dawa Bulus ya iya tafiya ba sanda. Muka je Madakiya ya tsaya a kan kabarin Mama, da wasu sababbi kusa da shi. Baba Dauda, wanda ko atishawa bai yi ba duk tsawon abin, ya tashi ya shige gona da ya hango mu.

Ga abin da zan gaya wa mai karatu, ban kuma sa masa zuma ba. In mara lafiya ya ce a tsaya a waje, a tsaya, gaisuwa ta taga ma gaisuwa ce. In zazzaɓi ya sauka ya sake dawowa da ciwon ƙirji, kada a jira shawarar kowane baba. Tsoho mai tari kada a kai shi ƙauye a tara masa jama'a. Ku kuma masu bin sawun ciwo a manyan birane, ban ce aikinku banza ne ba, mijina ya kusa mutuwa a kansa. Amma sanin da ya tsaya a ofis yana jiran tabbaci, alhali jirgi na tashi kullum, mu na ƙarshen layi mu ke biyansa.

Bayan Kirsimeti aka kira Bulus Kaduna a duba ko zai iya komawa aiki. Na raka shi don har lokacin hawan bene na sa shi haki. Mista Danladi ya tarbe mu da fara'a, har da sa a kawo mana lemo. Ya ce sakamako ya dawo daga Kudu, mura ce mai tsanani, yanzu sun san irinta, kuma manya sun yaba da yadda ofishin ya bi sawunta. Ya ja mu wajen bango ya nuna mana taswira babba, an soka mata ƙananan allurai masu kai kala kala. Sun taru cunkus a Kaduna, suka bi layin dogo suka sauko Kafanchan, suka watsu ƙauyuka. Ya ce shuɗi na waɗanda suka warke ne, ja na waɗanda suka rasu.

Bulus ya matsa kusa. Ya daɗe yana kallon Madakiya. Ya sa yatsa a kan wani ja.

"Kada ka taɓa, za ka ɓata mana tsari," in ji Mista Danladi.

"Uwata ce, Sa."

Har mai buga tafireta ta tsaya. Mista Danladi ya gyara wuyan riga ya ce ai sun yi baƙin ciki ƙwarai, Allah ya ba da haƙuri.

Na ce, "Oga, taswirarka ba ta cika ba. Akwai wuri ɗaya da ba ku sa ba."

"Ina ne, Madam?"

Gwangwanin alluran na nan a kan kabad. Na zaɓi ja, na zagaya, na soka shi a tsakiyar teburinsa, na danna da babban yatsa har ya shige katako.

"Nan," na ce. "Daga nan namu ya taso."

Na ɗauki jakata, na kama hannun mijina, muka sauko benen a hankali, yana hutawa a kowane mataki.